Tsohon Allon Gilashi ko Filasma a Akwatin Gem

Malam, game da akwatin gem ɗinka da hotonsa ya tsuke ya bar baƙi a gefe, shawarata ita ce ka bar tsohon allon gilashin a mazauninsa ka gyara shi, kada ka cire shi ka sa filasma, wato siririn allon zamani irin na kwamfuta, kamar yadda wasu suka ce maka. Dukkan hanyoyin biyu na bi su da kuɗin aljihuna; allon gilashin yana aiki a shagona har gobe, filasmar kuwa tana cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Akwatina na gwanjo ne, ya zo da allo mai inci 19 ƙirar Wells-Gardner K7000 ta Amurka, da fanel ɗin wasan Neo Geo a cikinsa. Ranar da na fara kunna shi, hoton ya gaza kai bakin gilashi da kimanin faɗin yatsu biyu a dama da hagu, saman kuma ya ɗan nannaɗe, har rubutun maki ya hau kan juna. Na ɗauko wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, kuma abin da ya fara nema a wurina madubi ne. Na aro na uwargida, ya jingina shi a kan kujera yana fuskantar allon, domin ya riƙa ganin hoton alhali yana tsugune a bayan akwatin. Daga nan ya ce a bar injin a kunne na minti ashirin, saboda girman hoto yana ɗan sauyawa idan kayan ciki suka ɗau zafi, kuma wanda ya saita shi da sanyi zai sake aikin. Da lokacin ya cika, muka shiga shafin gwaji na fanel ɗin, wanda ke nuna layuka a tsaye da a kwance kamar raga, domin da su ake gane ko hoton ya cika ko ya karkace.

Tsayin hoto bai ba shi wahala ba, domin akwai ɗan abin murzawa da aka rubuta wa V-SIZE, yana juya shi kaɗan ragar ta miƙe sama da ƙasa. Faɗi ne ke da sarƙaƙiya. A irin wannan allo, da ma Electrohome G07 na Kanada, ana saita faɗi ne da wani kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, mai dunƙulen baƙin ƙarfe a tsakiyarsa, wanda ake shigar da shi ko a fito da shi ta hanyar juyawa. Da na miƙa masa sukundireba sai ya ture hannuna, ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara ya zaro siririyar sandar roba mai baki shida. Ya ce dunƙulen nan yana farfashewa kamar gawayi idan aka matsa masa da ƙarfe, musamman idan shekaru sun sa ya cije, kuma shi kansa ƙarfen sukundireban yana sauya faɗin hoton muddin yana cikin kwayil ɗin, ta yadda da an zare shi saitin zai goce. Ya juya rabin zagaye, ya dubi madubi, ya ƙara rabi, yana yi hannunsa na hagu na cikin aljihu don gudun jan wuta.

Duk da haka hoton bai gama cika ba, nannaɗewar saman ma ba ta tafi ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna su ce allon ya mutu. Laifin na tsufa ne: kafasitocin da suka haura shekara talatin sun bushe, ba sa riƙe wuta yadda ya kamata. Ya sauya su gaba ɗaya a wuni biyu, ya sake ɗora dalma a wuraren da ta tsattsage, sannan ya auna wutar da ake kira B+ da mita. Wannan wutar tana da adadin da masana'anta ta ƙayyade wa kowane samfuri, misali bolt 120 a G07, kuma kuskure ne babba a murɗa ta don kawai hoto ya buɗe, domin tana da alaƙa da babbar wutar da ke shiga gilashin. Bayan wannan aiki sai ma da ya rage faɗin, domin hoton ya zarce baki.

Abin da ya sa nake son allon gilashi shi ne ba shi da ƙayyadaddun ɗigogi, hasken da ke zana hoton yana miƙewa ne iya inda ka ce ya tsaya. Street Fighter II na 1991 yana fitar da ɗigo 384 a faɗi da layi 224, Neo Geo kuma 320 da 224, amma duka biyun suna cika allo ɗaya tsaf idan an taɓa saitin. Don haka idan akwatinka mai mahaɗar JAMMA ce mai haƙora 56, kana sauya fanel ɗin wasa, kada ka yi mamaki idan hoton ya ɗan motsa. Ka sake saitawa kawai. Ka kuma lura cewa a wasanni irin su Pac-Man na 1980 an kafa allon ne a tsaye, saboda haka abin murza tsayi shi ne zai buɗe maka hoton ta dama da hagu.

Filasmar kuwa, ban hana ta haƙƙinta ba: ba ta da nauyi, ba ta zafi, kuma da maɓalli ake saita ta. Sai dai tsofaffin wasannin nan suna fitar da sigina mai kilohaz 15, allon kwamfuta kuma yana neman 31, dole sai an sa ɗan fanel mai juya sigina a tsakani. Wanda na saya ya sa hoton yana rawa idan abu ya gilma da gudu, ga ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da naushi, ga 'yan wasan sun yi ƙiba domin an ja hoton 4:3 ya cika allon 16:9 wanda ya fi shi faɗi. Idan kuma wasan na bindigar haske ne, ba zai yi aiki a kanta ba sam.

Kada ka sa hannu a bayan allon kai kaɗai idan ba ka saba ba. Jar wayar nan mai hular roba da ke manne a jikin gilashin tana ɗauke da wuta sama da bolt 20,000, kuma gilashin yana iya riƙe ta bayan an kashe injin. Haka nan K7000 da G07 suna buƙatar taransifoma mai raba su da wutar gida, kuma da yake an yi su ne don wutar Amurka ta bolt 120, ba tamu ta 230 ba, wasu kan ɗauka ƙaramar taransifomar rage wuta ta wadatar, alhali yawancin irinta ba ta raba komai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kayan nan. Akwai wanda zai murɗa hasken gilashin da ya gaji har ƙarshe don ya yi ƙyalli a gabanka, alamarsa kuwa ita ce baƙi ya koma toka-toka kuma siraran layuka su bayyana a karkace. Akwai mai ɓoye tabon ƙuna a bayan gilashi mai duhu, saboda haka ka sa a cire shi, ka duba allon a kashe da tocila. Akwai kuma mai haɗa fanel ɗin wani allo da gilashin tsohuwar talabijin ba tare da ya auna kwayil ɗin wuyanta ba, ya ce maka ai saiti ne kawai ya rage, kuma irin wannan ko ka kwana kana murzawa hoton ba zai zauna daidai ba. Mai ce maka ba a samun kafasita yanzu, ka lura ko yana da filasma a ajiye da yake son ya rabu da ita, ko kuma tsohon allon naka yake so ka bar masa a matsayin bola.