Gargaɗi ga masu kama sabon ɗaki a Accra: idan shawa ta ƙi kawo ruwa, kada ku yi saurin tura kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima, Mamobi, Madina, Ashaiman da duk zangon da wannan saƙo ya isa. Akwai wata damfara da ake yi wa masu tarewa a sabon ɗaki, kuma ta banɗaki take shigowa. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya tura wa wanda ya san yana neman haya, musamman amare da baƙin da ba su daɗe da sauka a garin nan ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Dillali zai kai ka ka ga ɗaki, ciki da falo da banɗakinsa. Ka murɗa famfo, ruwa ya zo, hankalinka ya kwanta, ka biya adibas. Ranar da ka kwaso kaya ka shiga wanka, shawa ko ɗigo. Mai gidan ba a nan yake zaune ba, lambar dillalin kaɗai gare ka. Kana kiransa sai ya ce kada ka damu, yana da yaro mai gyaran famfo, yanzu zai turo shi. Yaron zai zo da jaka da sifana, ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne, ya girgiza kai. Sai ya ce bututun da ke cikin bango ya toshe, ko ya ce ruwan ba shi da ƙarfi, dole a sayi injin tura ruwa. Kuɗin kaya kuma yanzu yake so ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don wai shago zai rufe.

Haka aka yi wa 'yar ƙanwata da ta tare a wajen Madina. Mijinta direba ne, ya yi tafiya Tamale, ita kaɗai ce a gida da kaya ko'ina. Mai gyaran da dillali ya turo ya ce mata: "Anti, in ba a sa inji yau ba, wallahi har shekarar nan ta ƙare da bokiti za ki yi wanka." Ta tura masa sidi 1,500. Ya ce zai je ya sayo ya dawo kafin la'asar. Bayan magariba ta kira ni muryarta na rawa: "Kawu, wayarsa a kashe, shi ma dillalin ba ya ɗauka." Da na je tare da wani tsohon mai gyara da muke salla masallaci ɗaya, bai taɓa bango ba. Bayan ɗakin ya zagaya, ya bi bututun da hannu har ya sami makullin ruwan da ke shiga banɗakin. A rufe yake ƙam. Ya murɗa shi, ruwa ya zubo. Makulli ba ya rufe kansa, kuma mabuɗin ɗakin yana hannun dillalin har safiyar tarewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin cefanen wata ne aka raba yarinyar da shi, a makon da ya kamata a ce tana murna.

Abin da ke sa damfarar nan ta ci shi ne kowa a Accra ya saba da rashin ruwa. Ruwan birnin daga Weija yake zuwa, a kan kogin Densu, da kuma Kpong a kan Volta, kuma unguwanni da yawa ba kullum famfo ke kawowa ba. Shi ya sa gidaje suka cika da baƙaƙen tankuna da jarkokin ɗiban ruwa da ake kira galan ɗin Kufuor. To idan mutum ya ce maka ruwa ba shi da ƙarfi, maganar ta yi kama da gaskiya, ba ka musu. A nan suke samun ƙofa.

Saboda haka kafin ka kira kowa, ka duba da kanka. Fara buɗe sauran famfunan: na kicin, na wanke hannu, da tankin masai. In duk babu ruwa, matsalar ba ta shawa ba ce. Ka tambayi maƙwabta ko yau ranar ruwa ce a layinku, ka leƙa tankin gidan ka ga ko akwai wani abu a ciki. In gidan da inji ake tura ruwa, ka duba ko a kunne yake, ko kuɗin mitar wuta ne ya ƙare. Sannan ka nemi makullan ruwa, wanda ke kusa da mita, wanda ke ƙarƙashin tanki, da wanda ke shiga ɗakinka. Mai hannu irin na liba, idan hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. Mai kan zobe kuwa hagu ake murɗa shi ya buɗe.

In kuwa sauran famfunan suna kawowa, shawa kaɗai ta ƙi, to aikin ya ƙara sauƙi. Wasu famfunan wanka suna da ɗan maɓalli da ake ja ko a juya don ruwa ya bar bakin ƙasa ya hau sama, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba sai an nuna musu. In ba shi ba ne, ka kwance kan shawar ka buɗe ruwa. Ya fito daga bututu? Kan ne ya toshe. A sabon gini yashi da ɓurɓushin siminti sukan taru a ragar da ke ciki, a tsohon gida kuma farin dattin ruwa ne ke like ƙofofin. Ka wanke ragar, ka jiƙa kan a ruwan lemon tsami, ka tsokace ƙofofin da allura. Wani lokacin kuma iska ce ta shiga bututu bayan tanki ya ƙafe an sake cika shi, za ka ji famfo na tari yana tofi. Wannan ma ba ya bukatar fasa tayil.

Ban ce babu gidan da ke bukatar inji ba. Shawa ita ce famfo mafi tsayi a ɗaki, ƙarfin ruwan tanki kuma daga tsayinsa yake zuwa. In tankin yana kan ɗan gajeren dakali, kusan daidai da kan shawar, ruwa zai zo a ƙasa ya kasa hawa sama. Amma mai gyaran kirki zai kai ka ka gani da idonka, ya rubuta maka sunan kayan, ya ce ka je ka sayo ko ku tafi tare. Kuma inji da bututun cikin bango kayan gida ne, maganarsu da mai gida ake yi. Ɗan haya da ya fasa bango ba da izini ba, shi za a bi bashin gyara ranar da zai tashi.

Wanda bai riga ya biya ba, shi ya fi kowa dama. Ka buɗe shawar da hannunka ka bar ta ta ɗan jima tana zuba. Ka nemi ganin takardar kuɗin ruwa ta Ghana Water ta watan baya, domin akwai gidajen da aka yanke wa ruwa saboda bashi, sai a sayo tanka a cika tanki ranar da za a nuna wa mai neman haya. Ka dage sai ka ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido, ka karɓi lambarsa, a rubuta yarjejeniya, a ba ka rasit. Dokar haya ta Ghana, ta shekarar 1963, ta taƙaita adibas a wata 6, duk da mun san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa a hannunmu. Ko nawa ka bayar, takarda ce za ta tsaya maka in magana ta kai ofishin Rent Control, hukumar da ke sasanta rikicin haya.

Game da MoMo, kafin ka sa lambar sirri, sunan mai karɓa yana fitowa a waya. A wajen 'yar ƙanwata sunan da ya fito na mace ne, mutumin ya ce matarsa ce. Duk wanda ya ba ka lamba da sunan wani, ka dakata. In an riga an cuce ka, kada ka goge saƙon shaidar turawa. Ka kira kamfanin layinka nan take, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa da saƙon a hannunka. In ta Facebook ko WhatsApp kuka haɗu da dillalin, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana karɓar ƙorafi a lamba 292. Mu mun kai tamu ƙarar, mun kuma sanar da mai gidan, wanda ya ce bai taɓa aiko mai gyara ba. Wanda aka yi wa irin wannan a Madina ko kewaye, don Allah ya je ya ba da nasa bayanin, domin ƙara ɗaya ba ta kai nauyin uku ba a gaban hukuma.