Gwajin burustata a wani mustausaf na Jidda: likitan ya cika, amma gidan sai a hankali

Masu tambayata ko wurin nan ya cancanci a je, ga amsarku gaba ɗaya. Mustausaf ne, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa a kudancin Jidda, ba zan kama suna ba. Na shiga ne ta rangwamen da suke yi na ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba. A ciki akwai gwajin jini na PSA mai duba lafiyar burustata, gwajin fitsari, hoton mara da ganin likitan mafitsara.

Abin da ya kai ni ba wani ciwo ba ne. Shekarata 54, dare ya zama na zirga-zirga zuwa bayi, fitsarin ba ƙarfi, kuma in na gama sai ɗigo ya biyo baya. Wannan ɗigon shi ya fi cin raina, don mutum ya yi alwala ya tsaya a sahu yana kokwanton tsarkinsa. Umarar da na yi ta ƙarshe, a tsakiyar ɗawafi na fita neman bayi, wanda ya san cunkoson Harami ya san abin da nake nufi.

Likitan, wallahi ban taɓa zama gaban irinsa ba. Dattijo ne Basudane, ɗan wajen Sinnar, ya ce ya yi ƙuruciya da yaran Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani da ke can Sudan, shi ya sa da ya ga takardata ya ɗago ya ce, "Sannu Alhaji, ina gajiya?" Nan take jikina ya saki. Bai fara da kwamfuta ba, tambaya ya fara da ita: mahaifinka fa? 'Yan'uwanka maza fa? Na gaya masa Yaya babba ya rasu a Kano da ciwon dajin burustata, ba a gano ba sai da ya riga ya shiga ƙashin bayansa. Sai ya ajiye biro ya gyara zama.

Ya zana mini a takarda. Burustata tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari, nauyinta a wajen matashi kamar giram 20 ne. In shekaru suka ja sai ta kumbura ta matse hanyar, kamar an taka tiyo. Ya ce kusan rabin mazan da suka haura 50 suna da wannan kumburin, kuma shi ba daji ba ne. Abin da ya girgiza ni shi ne na biyun: dajin kansa a farkonsa shiru yake yi, ba ciwo ba alama, shi ya sa mai jiran sai ya ji wani abu yakan makara. Mu baƙar fata kuma ya fi kama mu, ya fi zuwa mana da wuri. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka tana cewa sauran maza su fara maganar gwaji da likita a shekara 50, amma baƙar fata da wanda uba ko ɗan'uwansa ya kamu kafin 65 su fara a 45.

Sai gwajin yatsa, wato likita ya taɓa burustata ta dubura, wanda shi ne ke hana mazanmu zuwa. Ya sallami ma'aikaciyar jinya, ya ja labule, ya faɗa mini abin da zai yi kafin ya yi. Bai kai minti ɗaya ba. Na fito da mutuncina cif. Har ya ja kunnena kan magungunan mura na kantin magani masu buɗe hanci, ya ce mai kumburin burustata in ya sha suna iya ɗaure masa fitsari gaba ɗaya, sai an kai shi ɗawari, wato sashen gaggawa, an sa roba. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, yabo kawai za ku karanta.

To amma ina tuna daren Alhamis ɗin nan raina yake ɓaci. Bayan isha'i saƙo ya shigo ta WhatsApp daga ɗakin gwajinsu. Takarda ce kawai, lambar PSA 6.8 da jan rubutu, a gefe an sa bai kamata ta wuce 4 ba. Ko kalma ɗaya ta bayani babu. Na kira, ba a ɗauka ba. Juma'a likitan ba ya zama. Ɗana ya shiga intanet ya fito idonsa jajur, uwargida ta shige ɗaki tana kuka tana cewa, "Alhaji, abin Yaya ne ya dawo." Mutumin da ya binne yayansa da wannan ciwo, a jefo masa jan rubutu a waya a bakin hutun mako, wace irin ɗabi'a ce wannan? Wanda ya tsara hakan bai san gidan mutane ba.

Da na koma, likitan da kansa ya ce bai kamata a yi haka ba. Ya ce tsakanin 4 da 10, cikin maza huɗu kusan ɗaya ne ake samu da daji, kuma kumburi ko ƙwayar cuta a fitsari suna ɗaga lambar. Nawa fitsarin ya nuna cuta. Ya ba ni maganinta, ya ce a sake jinin bayan mako 6, in bai sauka ba a yi hoton MRI kafin a yi zancen tsakuro nama. Alhamdu lillahi ya sauko zuwa 3.4. Duk da haka bai sake ni ba, saboda tarihin gidanmu zai riƙa duba lambar lokaci-lokaci. Wannan bayanin na minti biyar, me ya hana a rubuta ko rabinsa a ƙarƙashin takardar?

Kuma a wannan komawar ce yarinyar da ke teburin karɓar kuɗi ta nemi in sake biyan kuɗin ganin likita, alhali kowa ya san komawa cikin kwana 14 kyauta ce a asibitocin kuɗi na ƙasar nan. Sai da na ɗaga murya. Ita ce dai ta ƙwala sunana da abin da ya kawo ni a ɗakin jira cike da mata, har da maƙwabtanmu. Dattijon da kunya ta riga ta riƙe shi a gida, in ya ji an yi wa wani haka, ba zai taɓa takowa ba.

Ƙwayar tamsulosin da ya rubuta mini tana aiki, barcina ya dawo, sai dai a farko jiri yakan ɗebe ni in na miƙe daga sujada da sauri, ya kuma riga ya faɗa mini hakan. Ƙanena shekararsa 46, na matsa masa lamba ya je wajen likitan nan. Na ce ya je ranar Lahadi, kuma ya gaya musu ƙarara kada su turo masa komai a waya, a gaban likita zai karɓi takardarsa.