Ma'aunin Ƙarfin Tuƙa Keke: Na Ƙafa Ɗaya Ko Na Biyu?

Masu tseren keke sun sha tambayata wane ma'aunin ƙarfi (na'urar da ke auna ƙarfin da mahayi ke taka feda da shi) mai rangwame za su saya. Na kamfanin 4iiii na Kanada, mai maƙalewa a sandar fedar hagu, ya fi araha, amma ƙarfin ƙafa ɗaya yake aunawa ya ninka shi biyu, don haka idan wata ƙafar ta fi wata ƙarfi, lissafin zai karkace. Favero Assioma Duo na Italiya kuwa, wanda ke cikin fedojin kansu, yana auna kowace ƙafa daban, kuma sauya masa keke ba wuya, sai dai ya fi tsada. Na farkon ya wadatar da mai bibiyar atisayensa a keke guda. Na biyun ya fi dacewa da mai kekuna da yawa ko mai farfaɗowa daga rauni.