Tashi a Tsohon Jirgin Bama-bamai: Wane Jirgi, Wace Kujera?

A watannin zafi na Amurka, jiragen jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu da aka gyara sukan bi ƙananan filayen jirgi gari-gari, suna ɗaukar fasinja. Tafiyar ba ta cika wuce rabin awa ba, har da lokacin da ake gangarawa a ƙasa. Saboda haka kujerar da ka saya ita ce rabin cinikin.

B-29 shi ne babba, kuma biyu kacal suka rage masu tashi: FIFI na ƙungiyar Commemorative Air Force, da Doc na birnin Wichita, wanda ya koma sama a 2016. Cikinsa ɗaki biyu ne, na gaba da na baya, sai wata siririyar hanya kamar bututu da ta haɗa su ta saman rumbun bama-bamai. Wanda ya biya kuɗin baya, a baya zai zauna har a sauka, yana leƙe ta tagogin masu harbi. Kujerar mai jefa bam, a ƙarshen hancin gilashi, ta haura dala 1,000, amma ƙasa ce shimfiɗe ƙarƙashin ƙafarka. In aljihu ba zai kai gaba ba, gara ka kai kuɗin wani jirgin.

B-17 ya fi daɗin yawo a ciki. An ƙera 12,731, masu tashi yau ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma Sentimental Journey na Mesa a jihar Arizona na cikin masu ɗaukar mutane. Akwai kujerun tsakiya kusa da bindigogin gefe da ɗakin rediyo, akwai na hanci masu tsada. Kafin ka biya, tambayi abu guda: bayan an tashi, ana barin mutum ya kwance bel ya zaga, kuma iya ina? Kowace ƙungiya da dokarta. A 2023 FAA, hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, ta ba da umarnin binciken mahaɗar fuka-fukin wannan samfuri, don haka tabbatar jirgin da ke kan talla yana tashi a bana.

B-25 mai inji biyu yakan fi araha, ya kuma fi ƙara, domin farfelarsa na juyawa dab da jikin ɗakin matuƙa. Kada ka shige shi ba abin toshe kunne. Lankasta kuwa, jirgin bama-bamai na Ingila, biyu ne ke tashi, kuma hawansa sai an je Hamilton ta Kanada. Ɗayan da ke tashi na rundunar saman Ingila ne, ba ya sayar da kujera. A East Kirkby ta Ingila, Lankasta mai suna Just Jane yana zagawa da mutane a ƙasa kawai, injunansa huɗu na ruri.

Batun lafiya shi ne wanda bai kamata a ji nauyin tambayarsa ba. Ranar 2 ga Oktoban 2019, B-17 mai suna Nine-O-Nine ya faɗi a filin jirgin Bradley a Connecticut, mutum 7 cikin 13 suka rasu. Hukumar bincike ta NTSB ta gano matuƙin bai riƙe gudun da ya dace ba bayan ya kashe inji na 4, ga maginetonsa (na'urar da ke ba fulogi wuta) da ba a gyara da kyau ba, ga fulogogin inji na 3 sun ci. Waɗannan jirage ba su da shaidar ɗaukar fasinja irin ta jiragen kasuwa, da izini na musamman daga FAA suke aiki. Nemi a tabbatar maka izinin na nan da rai. A wajen bayanin kafin tashi, sa a nuna maka ƙofar fita, ka kuma ɗaure bel ɗin soja ka kwance shi da hannunka sau biyu, don maƙullinsa ba irin na jirgin haya ba ne.

Da sassafe za ka ga ma'aikata sun jeru suna tura farfela da hannu. Mai ne ke taruwa a silindojin ƙasa idan inji ya kwana, in aka tayar da shi haka, sandar fistan na iya lanƙwashewa. Farin hayaƙin da ke tashi a bugun farko wannan man ne ke ƙonewa, ba matsala ba ce.

Hadari, iska ko ƙaramin gyara kan sa a soke tashi, wani lokaci ma rashin cikar kujeru. Karanta sharaɗin mayar da kuɗi, ka zaɓi tashin safe a ranar farko, domin in an ɗaga ka sami wata rana kafin jirgin ya wuce gari na gaba. Sa takalmi rufaffe da wando, shiga ta tsani ce da sunkuyo, kuma babu na'urar sanyaya ɗaki.