Faifan Canto Ostinato: kiɗan ya yi, mai sayarwa ne ya ɓata min rai

Tauraro uku na ba shi, kuma biyun da na cire ba laifin Simeon ten Holt, wanda ya tsara kiɗan, ba ne.

Faifan CD ne guda biyu, na hannu, na saya ta intanet. Fiyano huɗu ne ake kaɗawa a tare. Na farkon lafiya lau yake, kuma gaskiya ya ba ni mamaki. An ce min kiɗa ne na maimaici, shi ya sa na ɗauka zan gundura kafin a je ko'ina. Sai ga shi na zauna har ya ƙare ban taɓa waya ba. Bugu biyar-biyar yake tafiya ba ya tsayawa, fiyanon nan suna shiga tsakanin juna kamar mata masu lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Kana cikin jin abu ɗaya sai ka farga ya riga ya sauya tuntuni.

Ɗan littafin da ke ciki ma ya yi amfani. An haifi ten Holt a 1923 a garin Bergen na ƙasar Holan, ya yi karatu a Faris wajen masu tsara kiɗa Honegger da Milhaud, ya dawo gida a 1954, ya rasu a 2012. Daga 1976 zuwa 1979 ya tsara wannan kiɗa, aka fara kaɗa shi a wani tsohon coci a Bergen ɗin. Kashi 106 ya raba shi, ya bar wa makaɗa su yanke sau nawa za su maimaita yawancin kason. Dalilin ke nan wasu ke gamawa cikin awa ɗaya da 'yan kai, wasu kuwa su ɗauki awanni.

To, faifai na biyu. Duk wanda ya san kiɗan nan ya san kashi na 74 ake jira, inda karin nan mai daɗi ke fitowa fili bayan dogon haƙuri. Daidai nan faifan ya cije. Tak-tak-tak, wuri ɗaya, lambar mintin da ke jikin na'ura ta tsaya cak. Na ciro shi na ɗaga a haske, ga kwarzane nan ya ratsa kusan rabinsa. Alhali a talla an rubuta wai kamar sabo ne.

Na aika wa mutumin saƙo cikin mutunci. Amsar da ya ba ni ita ce har yanzu ke ci min rai: wai ai haka kiɗan yake, maimaitawa ake yi, wai kunnena ne bai saba ba. Haba! Ten Holt ne ya tsayar da lambar mintin? Na tura masa hoton kwarzanen da ɗan bidiyo, ya yi gum. Da na matsa sai ya ce in mayar masa, amma kuɗin aikawa a kaina, wanda ya kusa kai kuɗin faifan. Da ya ce min bai duba ba, wallahi da na yafe. Rainin hankalin ne ba zan ɗauka ba.

Sai a intanet na ƙarasa jin kashi na 74, daga wasu makaɗan daban, kuma tafiyarsu ba ɗaya ba ce da ta waɗanda na saya. Sun fi sauri, ba su daɗe a wurin ba. Wato wanda na biya kuɗinsa har yau ban ji yadda suka kai shi ƙarshe ba.

Yanzu da nake rubutun nan ma na tuna murfin ya zo a tsage, an liƙe shi da salatif. A'a, ukun nan ya yi yawa. Biyu. Kiɗan ku neme shi ko ta halin ƙaƙa, amma in na hannu za ku saya, ku sa a turo muku hoton bayan kowane faifai kafin ku biya.