TDC1000 da TDC7200: abin da na gani wajen haɗa mitar ruwa mai hanyoyi huɗu

Duk mai son ƙera mitar da ke auna gudun ruwa da sauti, ba tare da wata farfela tana juyawa cikin bututu ba, zai ci karo da waɗannan cip biyu na kamfanin Texas Instruments. Ni da su na haɗa tawa, a kan bututu mai inci 4 da ke ɗauko ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin sama, kuma gaskiya sun biya ni.

TDC1000 ne ke harba sautin ta cikin ruwa, ya kuma saurari isowarsa. TDC7200 kuwa agogo ne kawai, amma agogon da ke rarrabe lokaci har zuwa pikodaƙiƙa 55 (pikodaƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ce cikin tiriliyan na daƙiƙa). Sauti na tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwa. In ya bi ruwan sai ya ɗan yi sauri, in ya tunkare shi sai ya ɗan makara. A irin bututuna, idan aka kafa kawunan sautin, wato 'yan na'urorin da ke fitar da sautin su kuma karɓe shi, a karkace digiri 45, ruwan kuma yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin lokutan biyu ba ta wuce nanodaƙiƙa 90 da ɗoriya ba (nanodaƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa). Wannan ɗan mitsitsin shi ake nema, kuma ranar da na buɗe bawul a hankali na ga lambobin suna hawa daki-daki a kwamfuta, na san agogon ba ya wasa.

Inda aikin ya yi tauri shi ne ƙarin hanyoyi. TDC1000 kawuna biyu yake ɗauka, wato hanya ɗaya da sauti ke bi ya ratsa bututun. Ni kuwa huɗu nake so, domin bututun yana da lanƙwasa kusa da wurin awo, kuma ruwan da ya fito daga lanƙwasa murɗawa yake yi, gefe ɗaya ya fi ɗaya gudu. Hanya ɗaya abin da ya ratsa ta kaɗai take gani. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar miƙaƙƙen bututu ninki 10 na faɗinsa kafin mita, ninki 5 bayanta, ni kuma ba ni da wannan filin. Sai na sa cip mai sauya layi, maikrokontirola, wato ƙaramar kwamfuta a cip guda, tana zaɓen hanya bi da bi, tana karɓar lokutan ta SPI, layin da cip ke aika wa juna bayanai ta kansa, sannan ta haɗa su ta fitar da matsakaici.

A nan kowace waya tana da magana. Idan wayoyin kawuna biyu na hanya ɗaya ba su yi daidai ba, mitar za ta iya nuna ruwa yana tafiya alhali an rufe bawul. Dole ka cika bututu, ka tsayar da ruwa cak, ka rubuta abin da kowace hanya ke nunawa a lokacin, wato sifirinta, daban. Kumfar iska ma matsala ce: da zarar famfo ya tashi bayan an dawo da wuta, sautin yakan ɓace na ɗan lokaci, don haka na koya wa manhajar ta watsar da awon da ya kauce wa sauran. Na ji daɗin cewa TDC1000 yana da wurin jona ma'aunin zafi, tunda ruwan rana da na asuba ba gudun sauti ɗaya suke bayarwa ba.

Wanda bututunsa miƙaƙƙe ne, hanya ɗaya ta ishe shi, ya duba MSP430FR6047 da ya haɗa komai a cip guda. Mai lanƙwasa irin tawa kuwa, ya sayi waɗannan biyun, ya nemi kawuna masu megahaz 1, wato masu kaɗawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, ya yanka wayoyinsa daidai wa daida tun kafin ya kama dalma.