Rufin ƙarfe ko na tamfol a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen sama

Mercedes-Benz SL ƙirar R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, rufi biyu gare ta: na ƙarfe da ake cirewa, da na tamfol da ke naɗe a bayan kujeru.

Na ƙarfe ya fi tare ruwa da sanyi, yana rage ƙarar iska, tagarsa ta baya kuma gilashi ce ta gaske. Wahalarsa ranar cirewa ce. Sai an kwance makamansa na gaba da na baya, mutum biyu su ɗaga tare, kowa a gefensa. Hannu ɗaya ya kuskure, fentin bayan motar ya tafi. Shi ya sa wasu ke ɗaura igiya da ƙugiya a silin gareji. Bayan nan a nema masa ma'ajiyar da robar gefensa ba za ta lotse ba.

Tamfol kuwa mutum ɗaya ya ishe shi, amma tagarsa ta roba tana dishewa ta tsage, in an naɗe shi da danshi kuma ya yi fumfuna.

Ni tamfol na fi so, don shan iska aka yi motar. Mai son na ƙarfe dai kada ya bar tamfol a naɗe shekara guda, yakan motse ya ƙi kamawa.